Tsakanin Gona da Tukunya: Lacca kan Tattalin Cimaka a Ƙasar Adar



Iyayena maza da mata, malamai, ƴan'uwa manoma da makiyaya, da ku ɗalibai da ke zaune can baya, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana kan yadda gida zai ci da ɗan abin da ke hannunsa ba tare da ɓarna ba. Na san gaban waɗanda nake tsaye. A cikinku akwai matan da suka riƙe gida mai mutum goma da tiya guda a tsakiyar damina, kuma ba yaron da ya kwana da kuka. Irin waɗannan ba a koya musu tattali, a wurinsu ake koyo. Saboda haka ba zan ce da kowa ya rage loma ba. Abin da na zo faɗa shi ne, yawancin cimakar da Adar ke asara tana salwanta tun kafin ta kai akushi: a kasuwar kaka, a cikin rumbu, a gindin tulin albasa, sannan a ranar biki. Can ya kamata mu sa ido.

Mu tuna inda muke zaune. Ruwan da ke sauka a Tawa a shekara, in an yi matsakaicin lissafi, bai kai milimita 400 ba, kuma kusan dukansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba. In ka yi arewa, wajen Barmu, Taƙanamat da Tabalak, sai ya ƙara raguwa, har ka isa iyakar noma da dokar 1961 ta shata tsakanin manoma da makiyaya. Girbi ɗaya muke yi, mu ci shi wata goma sha biyu. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 da 1974. Sun ga ta 1984, wadda ake ce wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Da yawanmu mun ga 2005 da idonmu, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ci amfanin 2004. Abin da ya kamata a riƙe game da 2005 shi ne, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan a tule, amma buhun da aka sayar da araha a kaka ya doshi jika talatin a wasu kasuwanni da damina ta yi nisa, talaka yana kallonsa ba ya iya taɓawa. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar. Bayan Yulin 2023 ma, da aka rufe iyakoki aka sa wa ƙasa takunkumi, kowa ya ga yadda shinkafa da mai suka yi tashin gwauron zabo cikin ƴan makonni.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Ma'aunin da hukumomin Nijar ke aiki da shi wajen ƙiyasin bukatar ƙasa shi ne kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Gida mai mutum 8 ke nan yana bukatar kilo 1,848, buhu 18 da kusan rabi. In ka raba a kwanakin shekara, kilo 5 ne a yini, wato tiya biyu, lissafin da kowace uwar gida ta sani ba tare da alƙalami ba. To a ce kashi ɗaya cikin goma na wannan hatsi ya tafi ga ƙwaro, ɓera, gara da laima. Kusan kilo 185 ke nan, cimakar kwana 37. Ku duba wane wata ne wannan kwana 37 ke faɗawa: Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana noma na biyu da yunwa, tiya ta fi kowane lokaci tsada. Ba Adar kaɗai ke wannan asara ba. A 2011 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta, tan biliyan 1.3 a shekara. A ƙasashen Turai da Amurka kaso mai yawa a kanti da kicin ake zubarwa. A wajenmu a hanya yake lalacewa, kuma a wannan shekarar Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar hatsi bayan girbi a Afirka kudu da Sahara da kimanin dalar Amurka biliyan 4 duk shekara.

Asara ta farko, wadda ta fi kowacce girma a ganina, ba ƙwaro ke yin ta ba. Ita ce sayar da hatsi a Oktoba a dawo a saye shi a Yuli. Ba na zargin manomi. Na san me ke fitar da damen nan daga gida: bashin da aka ci da damina da alkawarin biya a kaka, haraji, kuɗin makaranta, auren ɗiya, kuɗin motar mai tafiya bida. Kowa na kai nasa kasuwa a mako ɗaya, farashi ya faɗi, ɗan kasuwa mai sito ya kwashe ya kulle. Wata tara bayan haka shi wannan manomi ne zai tsaya gaban shagon, yana sayen hatsin gonarsa da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa nesa ba kusa ba.

Nan nake son in yi magana da ƴan bida da iyalansu, don Adar ƙasa ce mai yawan masu tafiya. Ƴaƴanmu suna Abijan, suna Legas da Kano, suna Kamaru, Libiya da Aljeriya. Al'adarmu ita ce, sai an buga waya an ce rumbu ya ƙare sannan a aiko da kuɗi. Wato kuɗin na isowa ne a lokacin da ya fi kowane lokaci rashin ƙarfi. Jika hamsin ɗin da aka turo a Nuwamba ba ɗaya take da jika hamsin ta Yuli ba, ko da yake takardun iri ɗaya ne. Ya ku samari, in Allah ya hore, ku aiko tun kaka a sayi buhu a ajiye, ko a biya bashin da zai sa a sayar da na gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ma mai dabba: ragon da za a sayar don sayen hatsi, a kai shi kasuwar Lahadi ta Tawa ko kasuwar Abalak tun yana da jiki, hatsi kuma na araha. In aka jira bazara, rago ya rame, hatsi ya hau, an yi asara ta fuska biyu.

Akwai dabarun da aka gwada don toshe wannan kafa. Bankunan cimaka na ƙauyuka suna saye a kaka su sayar wa mutanen gari da sauƙi a lokacin tsanani. Inda aka samu riƙon amana sun ceci gidaje, inda kwamiti ya raba hatsin bashi ga dangi ba a biya ba sun mutu, kuma kowa a nan ya san misalin kowanne. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka shigo da tsarin ajiye amfanin gona a sito a matsayin jingina, a karɓi rance, in farashi ya tashi a biya a ɗauki kaya. Tsarin yana da amfani, sai dai mutane da yawa suna ƙyamarsa saboda kuɗin ruwa, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Ina roƙon malamanmu da masu asusun ajiya su zauna su fitar da siga wadda ba riba a cikinta, a biya ladan ajiya kawai. Mata kuwa sun riga mu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, ya nuna cewa mata talatin masu zuba dala ashirin-ashirin duk mako suna iya tara abin da zai sayi buhu. Wadda ke sayen mai na dala goma kullum, da gishiri ƙulli-ƙulli, ita ce ke biya mafi tsada a garin nan. In mata biyar suka haɗa suka sayi galan guda suka raba, sun rage wa kansu kuɗi ba tare da sun rage ko cokali ba.

Sai rumbu. Duk wanda ya bi hanyar Keita ko Buza ya ga rumbunanmu na laka, manya, masu ciki kamar tulu, an ɗora su kan duwatsu don kada laima da gara su hau. Kakanninmu ba su yi wannan gini da wasa ba. Kuma suna zuba hatsi ne da zangarniyarsa, ba a sussuke ba, sai abin da za a ci a kwanakin. Shawarar da Annabi Yusuf, alaihissalam, ya ba mutanen Masar ke nan game da shekarun wadata, a bar hatsi a zangarniyarsa. Hatsin da ke jikin zangarniya, in ya bushe sarai, yana iya shekaru a rumbu mai kyau. Wanda aka sussuke aka zuba a buhu aka jingine da bango a kan daɓe, ƙwaro da laima sun fi saurin samunsa. Abin da ke ɓata mana rumbu ƙanana ne: ba a share tsohon hatsi kafin a zuba sabo, tsaga ta fito ba a yaɓe ba, hular rumbu ta tsufa ruwan farko ya shiga, ko a yi gaggawar ɗaure dame da sauran danshi. Aikin yini biyu ne kafin girbi, kuma ya fi wata guda na noma riba.

Wake shi ne naman talaka, shi ne kuma wanda ƙwaro ya fi so. Kun san yadda yake: ka ajiye buhu lafiya lau, bayan wata uku ka buɗe ka tarar kowace ƙwaya da huda, ƙasan buhu duk gari. Tsoron wannan ne ke sa a sayar da wake da wuri, ko a zuba masa maganin ƙwari. Ina roƙonku da girman Allah, ku daina zuba fiya-fiya da ƙwayoyin da ba ku san ƙa'idarsu ba a cikin abin da yaranku za su ci, kuma kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwaya a ɗakin kwana. Akwai hanyar da ba guba. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maraɗi suka gwada shi, aka fara yaɗa shi tun 2007. Sirrinsa ɗaya ne: ƙwaro na bukatar iska. In wake ya bushe, aka zuba, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron da ke ciki zai shanye ɗan abin da ya rage ya daina ci. Wanda ba shi da kuɗin buhun, jarka mai murfi mai kyau, wankakkiya busasshiya, a cika ta har baki a toshe, ita ma tana yi. Tsofaffi suna gauraya wake da toka ko rairayi mai laushi a tulu, duk hikimar ɗaya ce. Sharaɗin kawai kada a riƙa buɗewa kullum. A ware na ci daban.

Albasa kuwa, sunan Galmi ya kai har Abijan da Akara. Amma ku je fadamun Tamaske da Keita a Maris da Afrilu ku ga yadda take zube ba mai tayawa, sannan ku tambayi kuɗinta a ƙarshen shekara. Wanda ya iya ajiye ta a rudu mai shan iska, ya daina ban ruwa kwanaki kafin cira, ya bar wuyanta ya bushe, yana bi yana tsame wadda ta fara ruɓa, shi ke cin ribar. Wadda ta ji rauni ko ta yi ƙanƙanta kada a zubar, a yi gabu da ita da ganyenta. Haka tumatir: lokacin da kwando ya faɗi, a yanka a shanya. Sai dai a shanya a kan tabarma ko rumfa, ba a kan ƙasa inda akuya da ƙura ke bi ba, don yashi ke rage ƙimar busasshen tumatir ɗinmu. Kuɓewa, yakuwa, lalo, tafasa, rama, zogale, duk a damina suna nan har a bakin hanya. Ganye a inuwa ake shanya shi, ya bushe da korensa, a daka a zuba a kwalba. Gidan da ya yi wannan a Satumba ba ya sayen kayan miya da tsada a Mayu. Don ɗanyen kaya na ƴan kwanaki kuma akwai dabarar tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Busasshiyar iska irin tamu ita ta fi dacewa da ita, kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta.

Yanzu mu shiga madafa, inda na ce ni ɗalibi ne. Ku dubi abin da uwar gida ke yi da tiya guda. Ta surfa, dusa ta tafi ga tunkiya. Ta wanke, ruwan tsari ya tafi ga akuya. Ta daka, gari ya zama tuwo ko dawo, tsaki ya zama dambu ko fate. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame da safe. Ƙanzon gindin tukunya ta jiƙa shi, ko ta shanya ta tara, ran da babu ta kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da albasa, yara su ci su ƙoshi. Furar da ta yi tsami ta ƙara mata ruwa da gari ta zama kunu. Ko ƴaƴan yakuwa ba a yar ba, su ne daddawar batso. Babu abin da ya fita daga gidan nan sai hayaƙi. Abin da ke damuna shi ne ƴan matanmu na birni sun fara jin kunyar waɗannan, suna ganin ɗumame da ƙanzo abincin ƙauye ne, a bar su a sayi burodi da taliya. Ku lissafa kuɗin burodin gida mai mutum takwas a mako, ku kwatanta da tuwon da aka zuba wa kaji.

Ƙari biyu kawai zan yi. Na ɗaya, itace ma kuɗin abinci ne. Waken da aka jiƙa tun dare ya fi saurin nuna, tukunya mai murfi ta fi buɗaɗɗiya, murhu mai kariya daga iska ya fi duwatsu uku a fili. Na biyu, tattali yana da iyaka. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ba a cin ta, ba a kuma ba yara, don tana ɗauke da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. Abincin da ya kwana a zafin Afrilu a tafasa shi sosai, in ya canja wari a haƙura. Kuɗin magani ya fi kuɗin kwano ɗaya. Anza ma, wadda ta riƙe rayuka a shekarun yunwa, sai an jiƙa ta kwanaki ana canja ruwa har ɗacin ya fita.

Akwai kuma wurin da ba a yin tattali ko kaɗan: kwanon ƙaramin yaro da na mai ciki da mai shayarwa. In abinci ya yi ƙaranci, abin da aka saba shi ne a ƙara wa fura ruwa. Babba zai jure. Yaro ɗan shekara ɗaya cikinsa ƙarami ne, in aka cika shi da ruwa-ruwan kunu ya ƙoshi a ido, jikinsa kuwa bai samu komai ba, daga nan tamowa ke farawa. Wata shida na farko nono kaɗai ya ishe shi, kuma kyauta ne. Bayan haka kununsa ya zama mai kauri, a haɗa garin hatsi da na soyayyen wake da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, a ɗiga mai, a barbaɗa garin zogale. In kaurin ya hana shi sha, ɗan garin hatsin da aka tsirar aka shanya, in aka zuba a kunu mai ɗumi, yana tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba. Fara soyayya, busasshen kifin Tabalak a daka a miya, ɓallin cuku, ƙwai ɗaya daga kazar gida maimakon a kai shi kasuwa, duk waɗannan suna gina jiki da kuɗi kaɗan. Ku kuma iyaye maza, ku yi mini haƙuri in faɗa: gidan da maigida ke tsayawa wurin mai tsire da mai shayi da dare, yara kuwa sun kwana da tsararon kunu, matsalarsa ba talauci kaɗai ba ce. Abin da aka kashe a waje kan baki ɗaya, in ya shiga tukunya, baki takwas zai taɓa.

Ranar da muka fi iya tattali da ranar da muka fi ɓarna duk ranakun taro ne. Ku dubi Layya: a banƙare rago a jikin itace a gasa shi a hankali yini guda, washegari a yanka a rarraba wa maƙwabta, sauran a soya shi ƙayau a mansa a ajiye, ya yi watanni ana sa wa miya. Kai da ƙafa da kayan ciki, ba abin da ke tafiya banza. To mu ɗin nan ne kuma, ranar aure ko suna, za mu ci bashi mu dafa buhun shinkafa don kada a ce gidan wane bai kai gidan wane ba, da yamma a ga manyan robobi an ture su gefe, ƙuda na bi, ta yi yami kafin a tuna da almajirai. Karamci gadonmu ne, ba na cewa a bar baƙo da yunwa. A dafa kashi-kashi, in na farko ya ƙare a ɗora na biyu. A zuba kaɗan a faranti, mai so ya ƙara. A sa mutum ɗaya tun safe wanda aikinsa shi ne fitar da rarar abinci da zafinsa zuwa makarantar allo da gidajen da aka san ba su ɗora tukunya ba. Sadakar abin da ya lalace ba sadaka ba ce. Haka a watan azumi, inda ake jera kala biyar a buɗa baki a ci biyu. In limamai da masu unguwa suka yi magana da murya ɗaya, masu hali kuma suka fara rage nasu, talaka zai samu fuskar rage nasa ba tare da an yi masa gori ba.

Ga hukuma ina da roƙo takamaimai. Hatsin da hukumar OPVN ke sayarwa da rangwame yana taimako, amma amfaninsa yana ga lokacinsa da nisansa. Wanda ya iso a ƙarshen Agusta, ko ya tsaya a babban gari alhali mai bukata yana ƙauyen da sai ya biya kuɗin mota, ya rasa rabin ladansa. A kai shi tun Yuni, a sayar da tiya-tiya ga wanda ba ya iya sayen buhu. Magadan gari kuma su sa gyaran sito da samar da buhunan ajiya na ƙwarai a kasuwannin ƙauye cikin kasafinsu, a same su tun Satumba kafin a fara roron wake. Mun ga abin da aikin Keita ya yi tun 1984 wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu, mun ga yadda ramukan tassa suka bazu daga Illela bayan manomanta sun je Yatenga a 1989 sun gano da idonsu. An kashe ƙarfi mai yawa a kan yadda za a noma. Malaman gona da ke zuwa mana da iri da taki a farkon damina, muna son su dawo a Oktoba, su shiga rumbu da mu, su duba bushewar wake kafin a ɗaure buhu.

Mai tambaya ko gyara, musamman cikin iyayenmu mata, bismillah.